Mai Tabarau Da Esin Kaka

Ku yi mini afuwa tun kafin in fara. Ni mai karatu ce, ban taɓa rubutu ba, wannan ne karo na farko da na yi ƙarfin halin jera kalmomi in miƙa wa mutane. In kun ga na yi tuntuɓe a wani wuri ku kau da kai ku wuce, laifin nawa ne, labarin ba ruwansa.

A shekarar da zafi ya yi tsananin da har aka rufe makarantu, Auta tana gida babu aikin yi, don malamar ƙananan yara ce. Gidansu yana hawa na ƙarshe na wani dogon bene, rufi ne kawai tsakaninsu da rana. Su huɗu ne a ciki: Baba, tsohon direban jirgin ƙasa da ya yi ritaya, da Umma, da Kaka mahaifiyar Baba, sai ita Auta da yayyenta suka yi aure suka bari.

Na'urar sanyaya ɗaki guda ce a gidan, wadda kowa ke kira esi, kuma a ɗakin Kaka take, saboda likita ya ce zuciyar tsohuwar ba ta jure zafi. Da rana ta take sai kowa ya samo dalilin shiga gaishe da Kaka, ya zauna bai fita ba sai la'asar sakaliya.

To, esin nan ne ya fara ciwo. Iskarsa ta yi rauni, ruwa ya riƙa bin bango, da Baba ya ɗaga murfinsa sai ga ƙanƙara ta lulluɓe cikinsa fari fat. Aka kira mai gyara ya ce gobe. Gobe ta yi ya ce gobe.

Ana cikin haka wata rana da hantsi aka ƙwanƙwasa ƙofa, Baba ba ya nan. Umma ta buɗe ta ga wani siririn saurayi, riga ta manne masa da gumi, yana riƙe da ƙaramar baƙar jaka.

"Sai yanzu? Bawan Allah, ka ji tsoron Allah! Tsohuwa muke da ita a gidan nan. Shigo, shigo, kada ka tsaya cire takalmi."

"Umma, ai ni..."

"Na sani, aiki ya yi muku yawa, kowa haka yake cewa. Auta! Kawo kujera, mai gyara ya zo."

Auta ta fito da kujera a hannu. Saurayin ya dube ta, ita ma ta dube shi, abin da ya yi niyyar faɗa ya tsaya masa a maƙoshi. Ta ajiye kujerar a ƙarƙashin esin ta riƙe masa, shi kuwa ya hau kamar wanda aka yi wa umarni.

Ya buɗe jakarsa. Auta ta leƙa ta ga wasu 'yan mitsi-mitsin sukudireba, kowanne bai wuce tsinken sakace ba. Abin ya ɗan ba ta mamaki, amma ba ta san kayan aikin masu gyara ba.

"Ka ga ƙanƙarar ko? Ga wuƙa, in kankarewa za ka yi," in ji Umma.

Ya karɓi wuƙar. Ya kankara sau ɗaya, ƙanƙara ta zubo a kan tayil, Umma ta ce madalla. Ya ƙara, ta ce Allah ya yi albarka. A na gaba bakin wuƙar ya zarce, sai aka ji wani tsiii mai tsawo, wani farin hayaƙi mai sanyi ya feso masa a fuska. Suka tsaya su uku suna sauraron ƙarar har ta mutu.

"Haka yake yi in ya gyaru?" Umma ta tambaya.

Ya sauko a hankali, ya ajiye wuƙar, ya sa hannu a jaka ya fito da wani ɗan akwati.

"Umma, ki yafe ni. Ni daga shagon tabarau nake. Tabaran Kaka na kawo."

Auta ta toshe baki da gefen mayafinta, kafaɗunta suna rawa. Umma ta zauna a bakin gado. Kaka, da ke kwance tana jin komai, ta miƙo hannu ta karɓi tabaranta ta saka, ta ƙare masa kallo daga sama har ƙasa.

"Ikon Allah. Yau na fara gani tangaran, kuma abin da na fara gani maɓarnaci ne. Amma fa kyakkyawa ne, ja'irin. Kai, kana da mata?"

Da Baba ya dawo ya buga wa mai gyara waya. Mai gyara ya ce da an kashe esin an bar ƙanƙarar ta narke, an wanke ragar da ƙura ta toshe, da shi ke nan. Yanzu kuwa an huda bututu, gas ya tsere, sai an yi walda an sake ɗura wani, kuma layin masu jiransa ya yi tsawo. Baba ya ajiye waya bai yi faɗa ba. Ya ce kawai, "Wuƙa a hannun baƙo. A gidana."

Lambar Auta ce a kan takardar tabaran Kaka, don haka da yamma saƙo ya shigo mata:

"Malama, ni ne wanda ya kashe muku esi. Ban san da wane baki zan ba da haƙuri ba. Yaya jikin Kaka?"

Ta karanta, ta ajiye, ta sake ɗauka.

"Injiniya, sannu da aiki. Kaka tana nan tana fifita da murfin tukunya. Me ya hana ka cewa kai ba mai gyara ba ne?"

Ya amsa:

"Na buɗe baki zan faɗa, sai kika fito da kujera."

Auta ta ajiye wayar. Amma ba ta goge saƙon ba.

Gidan ya koma dabarun da. Tun da sassafe a rufe tagogi a saki labule, kada zafi ya shigo. Umma ta daina kunna murhu da rana. Auta ta riƙa jiƙa zannuwa tana ratayawa, ta daskarar da ruwa a robobi ta jera a gaban fanka, ta sa wa Kaka jiƙaƙƙen tawul a wuya tana bin ta da kofin ruwa. Duk da haka, in rana ta raba tsaka bango har ƙuna yake yi, fankar kuwa iskar tanda take hurowa.

Mai Tabarau ne ya kawo shawara. Shagonsu yana bakin titi, tafiya kaɗan, akwai esi a ɗakin jira, kuma mai shagon ya yarda Kaka ta riƙa wuni a can. Umma ta ce a je, amma kada a dami Baba da zancen tukuna. Da yake lif ɗin benen ya daɗe da mutuwa, sai Auta ta riƙa sauko da Kaka a matakala da safe, suna hutawa a kowane hawa, su koma in rana ta yi sanyi.

Shagon ƙarami ne, madubai ta ko'ina, tabarau jere a bango, da allon haruffa da suke ƙanƙancewa zuwa ƙasa. Kaka ta mallake doguwar kujerar jira, tana ba masu saye shawarar da ba su nema ba.

"Wannan bai karɓe ki ba, 'yar nan, ya mai da ke mujiya. Angona, miƙo mata wancan."

Angon nata yana bayan kantar shagon yana ɗaure ƙananan kusoshin tabarau, a wannan aikin kam gwani ne. Auta ta kan zauna kusa da shi wai tana shirya darasin yara.

"Malama, zo in gwada idonki."

"Lafiyarsa ƙalau."

"Ai shi ya sa. Kullum marasa lafiya nake kallo, ina so in huta."

"Injiniya, ashe kana da baki."

"Sai in ba ki riƙe da kujera."

Daga can Kaka ta ce, "Ina jin ku fa. Tabarau na saya, ban sayar da kunne ba."

Saƙonni suka yawaita. Da safe ya rubuto, "Hasken idona, kin tashi lafiya? Na kunna muku esi tun yanzu, kujerar Kaka ta yi sanyi." Ita kuma ta mayar, "Injiniyana, kunnawa kawai na yarda ka yi. Kada ka buɗe murfin."

Baba ya ji labari a bakin wani maƙwabci da ya je canza gilashi ya tarar da Kaka tana mulki. Da suka dawo ya tara su a falo.

"Inna, da ɗanki a raye kike wuni a shagon mutane?"

"Shagon mutane da sanyi, gidan ɗana da wuta," in ji Kaka.

Baba ya juya ga Auta. "Ke kuma na ji abin da ake ciki. Ba esin ne ya dame ni ba, ƙarfe ne, ana gyarawa. Na yi shekaru ina jan jirgi, na san irin mutumin da ake tsoro a aiki. Wanda za a miƙa wa abin da bai sani ba ya karɓa don kunya, ya kasa cewa a'a. Irinsu ke kifar da mutane. Yau wuƙa aka miƙa masa, gobe fa? Ba zan ba shi 'yata ba, kuma daga yau ba mai sake sauka shagon nan."

"Baban Auta, ni fa na miƙa masa wuƙar," in ji Umma.

"Ke ai na riga na aure ki, ba yadda zan yi."

Ba a yi dariya ba.

Akwai wani mai shagon firji da esi a babbar kasuwa da ake kira Sarkin Sanyi. Ya daɗe yana aiko wa Auta gaisuwa tana amsawa sama-sama. Mutum ne mai fara'a da son a san ya iso, ba shi da wani mugun hali da aka sani. Da labarin esin ya kai masa, sai ga shi da ma'aikatansa sun hauro da wani ƙaton kwalin esi, suna nishi, suka dire shi a tsakiyar falo.

"Baba, sabo ne dal, ko minti goma ba zai yi ba Kaka za ta nemi bargo. A kira ni kawai, a ɗaura shi a take. Ai mun kusa zama gida ɗaya, in Allah ya yarda." Ya faɗi haka yana kallon ƙofar ɗakin Auta.

Bayan ya tafi Baba ya zagaya kwalin, ya shafa igiyoyin roba da aka ɗaure shi da su.

"Auta, kin ji abin da ya ce, kin kuma san abin da yake nufi. In muka yanke igiyar nan mun amsa masa. Ni ba zan yanke ba, ba zan kuma ce ki yanke ba. Ranar da kika ga dama, almakashi yana cikin durowa. In ba ki so, ki faɗa a mayar masa."

Ta buɗe baki za ta ce a mayar, sai ta ji tarin Kaka daga ɗaki. Ta rufe bakinta.

Mai Tabarau kuwa ya ga wucewar kwalin ta gaban shagonsu, ya ga wanda ke tafe a gabansa yana baza riga, ya kuma ga kujerar Kaka ta wuni babu kowa. Da yamma ya rubuto:

"Na ga abin da aka kawo. Ya fi abin da zan iya, kuma Kaka ta fi ni buƙata. Allah ya sa alheri, Malama."

Auta ta karanta. Ko tambaya bai yi ba. Ta rubuta amsa mai tsawo ta goge, ta rubuta gajera ta goge, ta kife wayar. A ranta ta ce wataƙila Baba ya fi ta ganin mutumin.

Kwalin ya zauna a falo. Ana kewaye shi in za a shiga kicin, Umma ta fara ajiye faranti a kansa. A jikinsa akwai hoton wata mata da 'ya'yanta suna murmushi iska tana kaɗa musu gashi, duk inda Auta ta zauna sai ta ga kamar ita suke kallo. Umma ta kan share gumi ta dubi kwalin ta dubi silin. Baba ya kan buga wa mai gyara waya ya ji gobe, ya ajiye. Kaka ce kawai ta yi magana, ranar da Auta ke goga mata tawul a baya.

"Kada ki kuskura ki auri firji saboda ni. Na ga zafin da ya fi wannan."

Amma muryarta ta yi ƙasa, abincinta ya ragu, ta daina tsokanar kowa.

Ranar da zafin ya kai maƙura, ko tsuntsu babu a sama. Ruwan famfo da kansa ya zama na wankan jariri. Robobin ƙanƙara suka narke kafin azahar. Auta ta kai wa Kaka ruwa ta kau da kai, ta taɓa goshinta ta ji zafi rau, kuma babu ɗigon gumi. Kaka ta dube ta ta ce, "Yaya, an dawo da awakin?" Yayar Kaka ta rasu tun kafin a haifi Auta.

Auta ta fito falo, ta jawo durowa ta ɗauki almakashi. Kafin ta taɓa igiyar ta ɗauki waya ta rubuta wa Mai Tabarau:

"Kaka ba ta gane ni. Yanzu zan buɗe kwalin. Ban taɓa buɗe shi ba, da ka tambaya da ka sani. Na ga ya kamata ka ji daga bakina."

Ta tura. Ta durƙusa gaban kwalin, Baba yana tsaye a ƙofar ɗakin Kaka da tawul a hannu yana kallonta, bai ce yi ba, bai ce bari ba. Igiyar tana da tauri, almakashin kuma ya dakushe, hannunta yana zamewa da gumi. Tana cikin fama aka buga ƙofa da ƙarfi, kafin a amsa aka turo.

Mai Tabarau ne, yana haki, da farar rigar shago a jikinsa. Bai dubi kwalin ba.

"Ina Kaka?"

Baba ya tare ƙofar ɗakin. "Wa ya kira ka?"

Ya leƙa ta saman kafaɗar Baba ya ga tsohuwar a kwance, ido rabi a buɗe, tana magana ita kaɗai.

"Baba, asibiti za a kai ta, yanzu. Na tsayar da mota a ƙasa."

"Muna sa mata ruwa, za ta dawo. Ga esi nan za a ɗaura. Ba ta iya matakala a haka."

"Kafin a ɗaura an makara. Ni zan goya ta."

"Kai? Ka taɓa esi ka kashe, yanzu uwata za ka taɓa? Fita mini daga gida."

Auta ta ga maƙogwaron saurayin ya motsa, irin motsin da ya yi ranar da ta fito da kujera. Ta sunkuyar da kai, don ta san abin da zai biyo baya: zai ce to, ya ba da haƙuri, ya juya.

"A'a, Baba."

Umma ta saki kofin da ke hannunta.

"Ran nan na yi shiru na yi ɓarna. Yau ba zan fita ba sai da ita. Ka zage ni a hanya, ka kore ni in mun isa, amma ka matsa."

Baba ya dube shi, ya waiga ya dubi mahaifiyarsa. Sai ya matsa.

Mai Tabarau ya durƙusa, Umma da Auta suka ɗora masa Kaka a baya, suka yafa mata jiƙaƙƙen zane. Ya fara sauka, Baba yana gabansa da baya-baya, hannuwa a buɗe ko za a faɗo, yana ta faɗin, "A hankali. Akwai fashewa a wannan matakin. Dama, dama, na ce dama!" Almakashin yana can a ƙasa kusa da kwalin, igiyar ta ɗan tauno amma ba ta yanke ba.

A asibiti aka sa wa Kaka ƙarin ruwa, aka kewaye ta da ƙanƙara. Likita ta fito ta ce an zo a kan gaɓa, za a riƙe ta sai zafin garin ya sassauta. Umma ta shiga wurinta. Auta ta tsaya a bakin ƙofa, daga nan tana hango benci inda Mai Tabarau ya zauna a can ƙarshe, kai a sunkuye. Baba ya je ya zauna a ɗaya ƙarshen.

"Bayan naka bai karye ba?" in ji Baba.

"Da saura, Baba."

"Ta fi yadda ake ganinta nauyi."

"Ƙwarai kuwa."

"Ban ce ka yarda ba. Uwata ce." Baba ya ciro hankici ya goge wuya. "A gidana ka ce mini in matsa."

"Ka yi haƙuri, Baba."

"Ban ce ka ba da haƙuri ba." Ya miƙa masa gorar ruwan da ke hannunsa. "Sha. Kada kai ma a ce sai an goya ka."

Washegari Auta da kanta ta kira Sarkin Sanyi. Ya zo da fara'arsa, yana tsammanin ɗauri za a yi. Ta gaishe shi da ladabi, ta yi masa godiya, ta ce ya sa a ɗauki kwalin, kuma kada ya ci gaba da jiranta.

Ya shafa igiyar inda almakashi ya tauna.

"Har kin fara."

"Na fara. Da na ƙarasa da na cuce ka, don ba kai zan yanke wa ba."

"Mai gilashin nan ne ko? Wanda ya soke esi da wuƙa?" Ya girgiza kai ya yi dariya, dariyar ba ta kai ido ba. "To, Allah ya ba da zaman lafiya. Ni kam ba ni da asara, a zafin nan kafin in kai ƙasa wani ya tare ni." Haka kuwa aka yi, a hawa na biyu wata mata ta tsayar da ma'aikatansa.

Da yamma saƙo ya shigo:

"Hasken idona, na yi kuskure da ban tambaye ki ba. Na ga kwali na yanke hukunci."

Ta mayar: "Ka yi. Kuma ban huce ba tukuna. Ka ci abinci?"

Mai gyara dai bai daina cewa gobe ba, har sai da Mai Tabarau ya ɗauki hutu ya je ya zauna a bakin rumfarsa. Bai yi faɗa ba, bai yi roƙo ba, in mai gyara ya tashi ya tashi, in ya zauna ya zauna, har mutumin ya gaji ya ɗauko tukunyar gas ya ce, "Muje, kafin mutane su ce wani abu na ci maka." Aka like hujin, aka ɗura gas, aka wanke raga. Esin ya yi tari ya kama, iska mai sanyi ta sauko a kan gadon Kaka da ke jiran mai shi.

Baba ya tsaya a ƙarƙashinsa ya rufe ido. Bai juyo ba ya ce, "Kai, mai tabarau."

"Na'am, Baba."

"Kana da manya?"

"Akwai kawuna da yayan mahaifina."

"Ka ce su zo. Su zo da safe, kafin rana ta yi, matakalar nan ba ta da mutunci."

Auta tana kicin tana jin su. Ta ci gaba da wanke kofin da ta riga ta wanke.

Kaka ta dawo gida da tsokanarta kamar da. Da aka gaya mata zancen auren, ta gyara zaman tabarau ta ce, "Ni ya goya, ke zai aura. Allah ya isa, an yi mini ƙwace ina kwance."

Bayan ruwa ya sauka gari ya yi sanyi aka ɗaura aure. Aka yi taron a wani zaure mai faɗi da esi ta kowace kusurwa, amarya da ango suna zaune a gaba, shi yana ta gyara wuyan riga, ita tana ce masa a hankali, "Injiniya, ka bar shi haka, ka yi kyau." Ba a jima ba Kaka ta fara rawar ɗari, ta aika a gaya wa masu zauren su rage sanyin nan kafin su kashe ta, Umma ta cire mayafinta na biyu ta lulluɓa mata.

Aka ce Baba ya yi magana. Ya miƙe ya riƙe abin magana kamar zai ba da sanarwar tashin jirgi, ya ce ya ba da Auta, Allah ya ba su zaman lafiya da haƙuri da juna, ya ba su zuriya mai albarka, ya sa su ga tsufan juna. Ya ɗan tsaya, ya dubi angon ya ƙara da cewa, "In ta yi ba daidai ba ka gaya mata. In ni ma na yi, na san za ka gaya mini." Zaure ya amsa da amin, Kaka ta fi kowa ɗaga murya daga cikin mayafai.

Ni kuwa mai ba ku labarin nan ina kujerar ƙarshe kusa da ƙofa. Da aka fara kiran mutane ɗaukar hoto kowa ya miƙe ya yi gaba, sai na ɗauki jakata na sulale, ban bari ƙofar ta yi ƙara ba.